DARASIN KIMIYYA: YADDA ZAFI KE TAFIYA, DA YADDA ZA A TARE SHI

Mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ba su bukatar a gaya musu ko mene ne zafi. A watan Afrilu, lokacin bazara, ma'aunin zafi yakan kai digiri 40 da rana tsaka, wata rana har ya wuce. Sa'an nan a watan Disamba da Janairu, sa'ad da hunturu ya sauko, da asuba yakan koma wajen digiri 15 ko ƙasa da haka, har tsofaffi su ƙi fita sai hantsi ya dubi ludayi. Ga shi ɗaki ɗaya ne mutum yake kwana a ciki, amma a shekara guda sai ya yi fama da zafi, ya kuma yi fama da ɗari.

To, 'yan'uwa, ga tambaya. Don me tsohon soro na ƙasa yake da sanyi da azahar, amma sabon ɗaki mai rufin kwano, wanda aka kashe masa kuɗi mai yawa, yake kama da tanderu? Darasinmu na wannan wata zai amsa wannan tambaya. Mun shirya shi domin malaman makaranta su yi tare da almajiransu, amma iyaye ma suna iya yinsa a tsakar gida. Kayan aikin duka suna cikin gidajenmu da kasuwanninmu. Gani ya kori ji, saboda haka kada malami ya karanta wa yara kawai, sai su gwada da hannunsu.

1. ZAFI MATAFIYI NE

Abu na fari da za mu riƙe shi ne, zafi ba ya zama wuri ɗaya. Kullum yana tashi daga abin da ya fi zafi zuwa abin da ya fi sanyi, ba ya kuwa komowa baya don kansa. Mukan ce, "Rufe ƙofa kada sanyi ya shigo." Amma bisa ga gaskiya zafin ɗaki ne yake fita. Abin da muke kira sanyi ƙarancin zafi ne, kamar yadda duhu yake ƙarancin haske.

Hanyoyin tafiyarsa uku ne.

Ta fari, zafi yakan bi jikin abu. Idan maƙeri ya sa bakin ƙarfe a wuta, ba da jimawa ba gindin ƙarfen ma sai ya gagari hannu, don haka yake kama shi da awartaki. Wuta ba ta taɓa gindin ba, zafi ne ya bi jikin ƙarfen har ya iso.

Ta biyu, iska ko ruwa sukan ɗauke shi. Iskar da ta yi zafi takan yi sauƙi ta hau sama, mai sanyi ta maye gurbinta. Shi ya sa hayaƙi yake hawa.

Ta uku, huci. Mai jin ɗumi a bakin wuta fuskarsa takan yi zafi ko da bai taɓa kome ba. Ta wannan hanya zafin rana yake iso mana.

Darasinmu ya fi ƙarfi a kan hanya ta fari, amma za mu gamu da sauran biyun a gaba.

2. GWAJI NA FARI: COKULA UKU

Abin da za a tanada: cokalin ƙarfe, da cokalin itace, da cokalin roba, tsawonsu kusan ɗaya, kwanon sha, ɗan kwali, man kaɗe ko kakin zuma, ƙwayar dawa 3, ruwan zafi.

A ɗora ɗan man kaɗe a gindin kowane cokali, a manna ƙwayar dawa ɗaya a kai. A huda kwalin wuri 3, a rufe kwanon da shi, domin kada tururi ya narkar da man. Malami shi kaɗai zai zuba ruwan zafi, yara su ja da baya tukuna. Sa'an nan a tsoma cokulan ta hudojin a lokaci ɗaya, a zuba ido.

Ƙwayar da ke kan cokalin ƙarfe ita za ta fara faɗuwa. Ta itace da ta roba kuwa mai yiwuwa ne ruwan ya huce ba su motsa ba. Ashe abubuwa iri biyu ne: masu miƙa zafi da sauri, da masu tare shi. Matan gidanmu sun san wannan tun tuni, gama ba wadda take tuƙa tuwo da muciyar ƙarfe.

Wannan gwaji tsoho ne. Wani likita mutumin Holan, sunansa Jan Ingenhousz, ya shafe wayoyin ƙarfe iri iri da kaki, ya tsoma bakinsu cikin mai mai zafi, ya auna inda kakin ya narke ya kai. Ya buga labarin a shekarar 1789. A cikin ƙarafan da ya gwada, azurfa ce ta fi sauri, darma kuwa ta fi nawa.

Yanzu masana sun auna kusan kowane abu. Idan muka ba iska mai tsayawa cik lamba 1, ga yadda sauran suke, bisa kimantawa:

Iska mai tsayawa cik: 1
Auduga ko gashin tumaki: wajen 2
Katako: wajen 5
Ruwa: wajen 23
Busasshiyar ƙasar gini: wajen 30
Kankare: wajen 50
Ƙarfen kwanon rufi: wajen 2,000
Alminiyam, watau ƙarfen da ake zuba tukwane da shi: wajen 9,000
Jan ƙarfe: wajen 15,000

Ku dubi kan jerin da kyau. Abin da ya fi duka tare zafi shi ne wanda ba a saye da kuɗi, watau iska, muddin an hana ta motsi.

Ga wani abin lura kuma. Da asubar hunturu, yaro ya taɓa ƙyauren ƙarfe da hannu ɗaya, ya taɓa turmi da ɗayan. Zai rantse ƙarfen ya fi sanyi. Amma dukansu sun kwana waje ɗaya, ma'auni kuwa zai nuna awonsu ɗaya ne. Ƙarfen yana janye zafin hannu da sauri, shi ke nan dalili. Hannu ba amintaccen ma'auni ba ne.

3. GWAJI NA BIYU: GWANGWANAYE BIYAR

Abin da za a tanada: gwangwanin madara 5, girmansu ɗaya, kowane da murfin kwali, auduga, ƙaiƙayi, zare, agogo, ma'aunin zafi irin na makaranta, wanda yake kai digiri 100. Kada a sa na asibiti, gama iyakarsa wajen digiri 42 ne, ruwan zafi zai lalata shi.

Gwangwani na 1, a bar shi tsirara.
Na 2, a lulluɓe shi da auduga sakwa-sakwa, kaurinta kamar santimita 5.
Na 3, a sa masa auduga daidai da ta na 2, amma a ɗaure ta tamau da zare har ta danne.
Na 4, a binne shi cikin ƙwarya cike da ƙaiƙayi.
Na 5, a lulluɓe shi da audugar da aka jiƙa da ruwa.

A zuba wa kowane ruwan zafi awo ɗaya daga buta ɗaya, a ajiye su a inuwa ɗaya. Wannan ƙa'ida ce babba: a kowane gwaji abu ɗaya tak ake sākewa, sauran duka su zama daidai, in ba haka ba ba za a san abin da ya kawo bambanci ba. Kowane minti 10 a auna, yara su rubuta a allo, har sa'a guda ta cika. Kafin a fara kuwa, kowane yaro ya rubuta wanda yake tsammani zai yi nasara. Ba abin kunya ba ne tsammaninsa ya faɗi, gama ta haka ake koyo.

Za a tarar na 2 da na 4 sun fi riƙe zafi. Na 3 zai kāsa kai na 2, ko da yake audugarsu ɗaya ce, domin zaren ya matse iskar da ke cikinta ya kore ta. Na 5 kuwa shi zai riga duka hucewa, gama ruwa ya maye wurin iska, yana kuma kwashe zafi sa'ad da yake bushewa. Ashe abin da yake aikin shi ne iskar da ke tsare a tsakanin zaren audugar.

Wani masani haifaffen Amurka, Benjamin Thompson, wanda daga baya aka yi masa sarautar Rumford, ya gane wannan a birnin Munik na ƙasar Jamus. Yana neman tufafin da suka fi dacewa da sojoji a lokacin ɗari, sai ya yi ta naɗe ma'aunin zafi da gashin dabbobi, da siliki, da gashin tsuntsu, yana ƙirga lokacin hucewarsa. A shekarar 1792 ya bayyana cewa iskar da ta maƙale a cikin gashin ita ce take tare zafi. Bayan shekara 100 daidai, a 1892, James Dewar ya ƙera kwalba mai bango biyu a Ingila, ya zuƙe iskar da ke tsakaninsu, daga baya kuma aka shafe bangon da azurfa domin ya mai da huci baya. Ita ce uwar filas ɗin da muke zuba shayi a ciki yau.

Inda ba ma'aunin zafi, kada malami ya fasa. A sayi ƙanƙara, a fasa ta gida 5 daidai, a sa a gwangwanayen maimakon ruwan zafi. Bayan rabin sa'a a tsiyaye ruwan da ya narke a kowane, a auna da cokali. Yara da yawa za su ce auduga za ta narkar da ƙanƙara, tun da bargo yana sa ɗumi. Sai su ga ta cikin auduga ce ta fi jimawa. A nan ne cibiyar darasin take: bargo ba ya haifar da zafi, tare masa hanya yake yi. Abin da ya hana zafi fita, shi ne kuma zai hana shi shiga. Don haka mai sayar da ƙanƙara yake naɗe ta da buhu da garin katako.

4. GWAJI NA UKU: RUFIN ƊAKI

A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta iso Ƙauran Namoda, nan ta tsaya. Gyaɗa da auduga suka riƙa tafiya kudu, kayan kanti suna zuwa arewa. Sannu a hankali kwano da siminti suka yawaita, har ya zama wanda ya sami wadata abin da yake fara yi shi ne ya rufa kwano. Ba za mu raina kwano ba. Ba ya yoyo, gara ba ta cinsa, tartsatsin wuta ba ya kama shi, ba ya kuma bukatar yaɓe kowace shekara kafin damina. Amma bari mu auna shi.

A sami kwali 4 masu girma ɗaya, a yanke samansu. Na 1, a rufe shi da guntun kwano. Na 2, a rufe da kwano, amma a shimfiɗa guntun zana a ƙarƙashinsa, a bar sarari kamar faɗin tafin hannu tsakaninsu. Na 3, a rufe da kwanon da aka shafe bayansa da farar ƙasa ko farin fenti. Na 4, a yi masa jinkar ciyawa mai kauri. A ajiye su a rana, nesa da juna kaɗan. Da ƙarfe 12, da ƙarfe 2, da ƙarfe 4, a rataye ma'auni a tsakiyar kowane, kada ya taɓa rufin.

Na 1 shi zai fi duka zafi. Kwanon da rana ta daka yakan wuce digiri 60, kaurinsa kuwa bai kai na farce biyu ba, saboda haka zafi yana ratsa shi nan da nan, sa'an nan ya sauko wa na cikin ɗaki da huci, kamar mutum yana zaune a ƙarƙashin kasko. Zana tana tare hucin nan. Farin shafe yana mai da hasken rana baya tun bai zama zafi ba. Jinka kuwa dubban ƙananan bututu ce cike da iska.

Soro fa? Jerinmu ya nuna ƙasa ba ta kai auduga tare zafi ba. Asirinta kauri ne da nauyi. Bangon tubali mai kaurin santimita 30 zuwa 40, da rufin azara da aka danƙara wa ƙasa, suna shan zafin rana a hankali, sai bayan sa'a 8 ko 10 zafin ya ratso ciki. Da azahar ɗaki yana da sanyi. Da dare kuwa bango yana sakin abin da ya sha. A hunturu wannan alheri ne, amma a bazara shi ne yake korar mutane su kwana a tsakar gida. Magina na dā ba su da ma'auni, duk da haka sun san aikinsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, wanda ya riga ya rufa kwano, ko a gida, ko a aji, ko a ɗakin taruwa, ba sai ya kware shi ba. Ya yi masa sili, ko da na zana ne ko tabarma ko asabari. Ya bar ƙananan tagogi a sama, gabas da yamma, domin iska mai zafi da ta taru tsakanin sili da kwano ta sami mafita. Ya shafe bayan kwanon da fari. Ya dasa darbejiya a yamma da ɗakin. Amma a yi hankali: zana da ciyawa abincin wuta ne, kada su kusanci murhu ko fitila ko wayar lantarki da ta kware.

Muna kuma tunawa da 'yan'uwanmu waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a ƙasar Zurmi da Shinkafi da kewaye, suna zaune cikin bukkokin leda da tampol. Leda ba ta da kauri, ba ta tare kome. Rumfar karan dawa a bisa bukkar, da sarari a tsakani, za ta rage zafin rana ƙwarai. Da dare kuma a shimfiɗa kwali ko busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin tabarma, gama ƙasa tana janye zafin jikin mai barci.

5. AMFANIN ILIMI AIKI DA SHI

Jariri. A nan ne gwangwani na 5 ya zama maganar rai. Jariri yana fitowa duniya a jiƙe, jikinsa ƙarami, zafinsa kuwa yana tserewa da sauri, balle bakwaini. Ya kamata zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a goge shi da busasshen zane nan take, a kawar da jiƙaƙƙen, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa masa hula, a kuma jinkirta wankan fari har sa'a 24. Ku tuna, zane ba ya haifar da zafi. Idan jariri ya riga ya yi sanyi, naɗe shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da jiki mai ɗumi. Wani likita, Edgar Rey, shi ya fara wannan dabara ta ɗaura bakwaini a ƙirjin uwa, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a shekarar 1978, sa'ad da kwalaben renon jarirai suka kāsa a asibitinsu. Yau ana koyar da ita ko'ina a duniya. Amma idan jariri ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya ƙi ɗumi, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Garwashi. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don gudun ɗari. Gawayi yana fitar da wata iska mai dafi, ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci. Ƙarin mayafi da toshe kafar da iska ke shigowa sun fi lafiya.

Kwandon dahuwa. A sami babban kwando, a cika shi da auduga ko ƙaiƙayi cikin tsohon zane, a bar gurbin tukunya a tsakiya, a ɗinka matashi domin murfi. A tafasa shinkafa minti 5, a sauke tukunyar a rufe, a sa ta cikin kwandon, kada a buɗe. Bayan kamar sa'a guda ta nuna. Wake kuwa a jiƙa shi tun dare, a tafasa shi sosai minti 15 ko 20, sa'an nan a bar shi a kwando sa'a 3 ko 4. Idan abincin ya jima har ya huce, lalle a sāke tafasa shi kafin a ci. Itacen da aka rage ba ƙaramin abu ba ne, musamman a inda shiga daji neman itace ya zama kasada.

Randa. Ita aikinta dabam ne, kada yara su rikita. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska tana busar da shi, bushewar kuwa tana kwashe zafi, kamar yadda gumi yake sanyaya jiki. Wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai tumatir da yalo suka riƙa kwanaki da yawa ba su lalace ba. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex saboda wannan aiki. Dabarar ta fi ci a busasshiyar ƙasa irin tamu, da rani.

TAMBAYOYI

1. Faɗi hanyoyi uku da zafi yake bi. Kawo misalin kowace daga gidanku.
2. Don me ƙyauren ƙarfe ya fi turmi sanyi a hannu da asuba?
3. Auduga ɗaya ce a gwangwani na 2 da na 3. Me ya raba su?
4. Don me kaza take kumbura gashinta a lokacin hunturu?
5. Wane ɗaki ne ya fi sanyi da ƙarfe 2 na rana, soro ko mai kwano? Da ƙarfe 10 na dare fa? Ba da dalili.
6. Uwa tana da zane biyu, ɗaya jiƙaƙƙe mai kauri, ɗaya busasshe marar kauri. Da wanne za ta naɗe jaririnta?

AIKIN WANNAN WATA

Kowane aji ya auna zafin ɗakin karatunsa da ƙarfe 8 na safe da ƙarfe 1 na rana har kwana 7, ya rubuta. Sa'an nan malami ya kira iyayen yara, a haɗa hannu a saƙa zana a yi wa ɗakin sili, a sāke aunawa kwana 7. A kafa takardar lissafin a bango, domin duk wanda ya shigo ya karanta da idonsa, ya koma gida ya dubi nasa rufin.